Ciwon da ke lanƙwasa baya kamar baka: tarihin tetanus

1/ Jama'a, wannan zaren na masu ƙanne ne da ke zuwa gona ko buga ƙwallo ba takalmi. Idan yaro ɗan shekara 15 ya ce bayansa na ɗaurewa, galibi tsoka ce: ya ɗauki jarkar ruwa ko ya faɗi a fili, kwana kaɗan ya warware. Amma akwai ɗaurewar baya mai kisa. Tarihinta zan ba ku.

2/ Sunan ciwon tetanus. Yawanci daga muƙamuƙi yake farawa: baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta gagara. Sai wuya, sai baya. In ya yi tsanani mutum ya lanƙwashe kamar baka, ƙeya da diddige kaɗai ke taɓa shimfiɗa. Kuma fa yana cikin hayyacinsa, yana jin komai.

3/ Ciwon tsoho ne. Likitocin Girka na zamanin Hippocrates, sama da shekara 2,000 da suka wuce, sun rubuta shi, har sun lura cewa bayan rauni yake zuwa. Abin da ke haɗa ciwon ƙafa da sandarewar baya ne ya gagare su ganowa.

4/ A 1809, wani likitan tiyata ɗan Sikotland, Charles Bell, ya duba sojojin Birtaniya da aka raunata a yaƙin Corunna a Sifaniya. Ya zana soja tsirara, bayansa a lanƙwashe, hannuwa a dunƙule. Har yau littattafan likitanci na buga wannan zanen. A lokacin kam babu magani, sai kallo.

5/ A 1884 aka fara kama bakin zaren. A Italiya, Carle da Rattone suka ɗebi mugunya daga jikin wanda tetanus ya kashe, suka sa wa zomaye, zomayen suka kamu. A shekarar kuma, Arthur Nicolaier a Jamus ya sa wa dabbobi ƙasa zalla a ƙarƙashin fata, su ma suka sandare. Ashe abin yana cikin ƙasar da muke takawa.

6/ A 1889 wani ɗan Japan, Kitasato Shibasaburo, da ke aiki a ɗakin binciken Robert Koch a Berlin, ya ware ƙwayar ita kaɗai. Ta wahalar da masu bincike ne saboda ba ta girma a inda iska ke shiga. Riƙe wannan: shi ya sa rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙusa ko ƙaya, ya fi haɗari.

7/ Nan zan gyara wata magana da muka taso da ita. Tsatsa ba ta kawo tetanus. Ƙwayar na shiga wani irin ɓawo ta yi shekaru a ƙasa da kashin dabbobi. Ƙusa mai tsatsa ta daɗe a ƙasa ne kawai. Sabuwar fartanya a gonar da aka zuba taki za ta iya yin aikin.

8/ To me ya kawo baya a ciki? Ƙwayar na zaune a raunin, dafinta ne ke bin jijiyoyi har cikin laka. A can sai ya kashe saƙon da ke ce wa tsoka ta saki. Kamar mota ce da birki ya tsinke. Tsokokin baya sun fi na ciki ƙarfi, sai su ja jiki baya, wani lokaci har ƙashin baya ya karye. Ƙara ko haske kaɗai na iya tayar da shi.

9/ A 1890 Kitasato da Emil von Behring suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin yana kare wata dabbar. A 1901 Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci, kan irin wannan magani na ruwan jini. Kitasato bai samu ba. Ni dai har yau wannan rabon bai kwanta mini ba.

10/ Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya gwada maganin. An yi shi a gonakin Faransa da Beljiyam masu cike da taki, sojoji na kwance cikin taɓo da raunuka. A 1914 tetanus ya yi musu ɓarna. Da aka fara yi wa duk mai rauni allurar ruwan jinin doki, adadin ya faɗi warwas.

11/ Sai dai kariyarta ta makonni ce. Rigakafi na dogon zango ya zo a shekarun 1920 daga Faransa, aikin Gaston Ramon da Pierre Descombey: a kashe kaifin dafin, a bar jiki ya koyi gane shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka 12 kacal aka samu da tetanus.

12/ Talakawan duniya sun jima kafin abin ya iso gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 tetanus ya kashe a 1988, mafi yawa ta hanyar yanke cibiya da abu mara tsabta. A 2018 adadin ya sauko kusan 25,000. Allurar masu juna biyu ce ta yi wannan aikin.

13/ Ga inda ya shafi matasanmu. A Najeriya jariri na samun kariyar tetanus a allurar sati 6, 10 da 14. Kariyar na raguwa da shekaru, shi ya sa hukumar ta ce a ƙara uku, na ƙarshe tsakanin shekara 9 da 15. Mata na samun ƙari wajen awon ciki. Namiji fa? Wa ke kai shi?

14/ Kuma tetanus ba a ɗaukarsa daga mutum, don haka allurar maƙwabci ba ta kare ka. Wanda ya yi ciwon ya warke ma bai tsira ba, sai an yi masa allura. Alamun kan fito kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, lokacin da kowa ya manta da ƙusar.

15/ Wanda ya ga yaro ya sandare yana lanƙwashewa, abu na farko da zai zo masa shi ne iska ko sammu. Na fahimta, abin tsoro ne. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, domin tsokar numfashi ma tana iya ɗaurewa.

16/ A taƙaice: ciwon baya haɗe da baki da ya ƙi buɗuwa, asibiti yanzu. Haɗe da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, yana iya zama sanƙarau, shi ma yanzu. Mai sikila da baya ya kama, kar a jira. Rauni mai zurfi, a wanke da ruwa da sabulu a je a yi allura ranar, kar a shafa ƙasa ko toka.

17/ Yau ka tambayi ƙaninka yaushe aka yi masa allurar tetanus ta ƙarshe. In ya yi shiru, ka san inda za ka kai shi. Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.