Foresight: Kalmar da ke Ɗora wa Mai Hange Nauyi

Turanci yana da kalmomi da dama da ke nufin ganin abu kafin ya auku, amma kowace da gurbinta. Foresight ta tsiro ne daga tushen Turanci kansa: fore, wato gaba, da sight, wato gani. Prescience da providence kuwa daga Latin aka aro su. Ta farko tana nufin sanin abu tun bai faru ba, kuma a tsofaffin rubuce-rubucen addini Ubangiji ake jingina wa ita. Ta biyu ta fara da ma'anar hangen gaba, daga baya ta koma nufin kulawar Allah ga bayinsa. Da wannan ma'ana ce Roger Williams ya raɗa wa garin Providence na Amurka suna a 1636. Ita ma prudence tushenta ɗaya da providence, sai dai ta karkata ga takatsantsan da tattalin dukiya.

Foresight ce ta zauna a hannun ɗan Adam, kuma yadda ake amfani da ita ya nuna haka. Ana kiran mutum prescient ne bayan maganarsa ta tabbata, wato yabon na zuwa ne da ganin sakamako. Foresight kuwa a galibin jimloli aiki ne ke biye da ita: wane ya hango, sai ya ajiye kuɗi, ko ya sayi fili tun yana araha. Saboda haka ta fi kusa da tanadi, ta yi nisa da duba.

A 1932 marubuci H. G. Wells ya yi jawabi a rediyon BBC, yana kukan cewa babu shehunan malaman foresight, waɗanda aikinsu shi ne nazarin abin da sababbin ƙere-ƙere za su haifar. Misalinsa shi ne mota, wadda ta cika hanyoyi ba a shirya mata ba. A 1994 gwamnatin Birtaniya ta kafa shiri mai ɗauke da sunan Foresight don tsara manufofin kimiyya da fasaha.

A kotu ne nauyin kalmar ya fi bayyana. A shari'ar Wagon Mound ta 1961, wadda ta taso daga malalar mai a tashar jiragen ruwan Sydney, alƙalai sun yanke cewa mai sakaci zai biya diyyar irin ɓarnar da mai hankali zai iya hangowa ne kaɗai. A shari'ar Jogee ta 2016, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce hango laifin da abokin tafiya zai aikata hujja ce da za ta iya nuna niyya, amma ba ita ce niyyar ba.

Wanda aka ce yana da prescience yabo kawai yake karɓa. Wanda ya hango, ko ya kamata a ce ya hango, shi ake tambaya me ya yi a kai, kuma idan bai yi komai ba, yana iya biyan diyya.