Hawan Keken Duwatsu a Lokacin Hunturu a Yola da Jimeta: Wurare, Shiri da Kula da Keke

Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da doguwar tafiya a kan keke a Yola da Jimeta, cikin Jihar Adamawa. Daga Mayu zuwa Oktoba damina kan mayar da hanyoyin karkara laka, rafuka su cika, Kogin Binuwai ya malala cikin fadamu. A watannin Maris da Afrilu kuwa, zafin Yola kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Tsakanin ƙarshen Nuwamba da farkon Fabrairu ne ƙasa ke bushewa, safiya ta yi sanyi, mahayi ya iya yin sa'o'i yana tafiya bai galabaita ba. Sai dai iskar da ke kawo wannan sanyi ita ce kuma ke kawo ƙura, wadda ke cin keke, take kuma wahalar da ƙirjin mai shi.

Asalin keken duwatsu

Keke tsohon abin hawa ne a Arewa, tun zamanin da Raleigh ke cikin abubuwan da malamin makaranta da ma'aikacin En'e suke alfahari da su. Keken duwatsu kuwa bai daɗe haka ba. An faro shi a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa abokai suke gangarowa daga Dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. A 1976 suka fara wata gasar gangara da ake kira Repack. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da aka tsara musamman domin wannan aiki, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper a kasuwa. Wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996.

Abin da ya bambanta shi da keken gari shi ne taya mai kauri mai haƙora, giya mai yawa domin hawan tudu, birki mai ƙarfi, da sifirin a gaba wanda ke shanye girgizar hanya. Faɗin ƙafafunsa inci 26 ne, ko 27.5, ko 29. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwannin Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waje, saboda haka mai saye ya duba jikin keken da kyau ko akwai tsagewa, ya kuma tambayi masu gyara ko ana samun kayansa a gari.

Wuraren da suka dace

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, tana cikin kwarin Binuwai, duwatsu kuma sun kewaye ta daga nesa. Wannan ya sa akwai hanyar da ta dace da kowane mahayi.

Sabon shiga zai iya farawa da kewayen Tafkin Geriyo a gefen Jimeta, inda ƙasa ke shimfiɗe, ake kuma noman rani. Wanda ya saba sai ya ƙetare gadar Jimeta zuwa ɓangaren Girei, inda Dutsen Bagale yake, da hanyoyin ƙafa masu tsakuwa da rairayi. A kudu da Yola akwai duwatsun Vere a yankin Fufore, masu hawa da gangara da ke buƙatar ƙarfi da ƙwarewa. Masu son nisa sukan ɗora kekuna a mota zuwa Song, inda sanannun duwatsun nan uku suke tsaye a jere.

Wurare irin su Sukur a Madagali, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, suna yankin da ya sha fama da matsalar tsaro. Zuwa can sai da shawarar jami'an tsaro da ta mutanen wurin.

Amfanin tafiya cikin ayari

Daɗin wannan wasa yana cikin zumunci. Abokai kan haɗu bayan sallar Asuba, su kama hanya da wayewar gari, su dawo kafin rana ta take, wani lokaci su yada zango wurin mai shayi ko mai ƙosai a wani ƙauye. Mai ƙarfi ya jira mai rauni a kan tudu, wanda ya san hanya ya shige gaba, wanda ya iya faci ya tsaya a baya.

Tafiya tare kariya ce kuma. Idan mutum ya faɗi ko sarƙa ta tsinke a wurin da waya ba ta kamawa, abokan tafiya ne za su cece shi. Ya kamata a sanar da na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Idan an shiga ƙauye a yi sallama, a gaida Jauro ko mai unguwa, kada a ratsa gonar da ba a kwashe amfaninta ba. Idan an haɗu da garken shanu a sauka, a bari su wuce.

Ƙura da lafiyar mahayi

Iskar hunturu tana tasowa daga hamadar Sahara, kuma kwarin Bodele a ƙasar Chadi yana cikin manyan wuraren da ƙurar ke fitowa. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, takan yi gargaɗi idan hazo zai yi kauri. A irin wannan rana gara a fasa fita, musamman masu asma, domin mai tuƙa keke yana shaƙar iska ninkin ta mai tafiya a ƙafa, direbobi kuma ba sa hango shi da wuri.

Busasshiyar iska tana shanye gumi nan take, har mutum ya rasa ruwan jiki bai ankara ba. A sha kimanin rabin lita kowace sa'a, ko da ba a ji ƙishirwa ba. Hular kwano wajibi ce. Sai tabarau, da ƙyallen rufe hanci, da man kaɗanya don leɓe da hannu, da riga mai haske, da fitila gaba da baya.

Kula da keke

Sarƙa ce ta fi shan wahala. Idan ƙura ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙar da haƙoran giya a hankali. Baƙin man mota da wasu ke zubawa ya fi kowane mai kama ƙura. Abin da ya dace shi ne a goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita, a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi idan ta yi dauɗa, a bari ta bushe, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan a goge rarar. Ana iya gane tsufanta da awo: tazarar inci 12 a sabuwar sarƙa takan faɗa daidai kan ƙusa. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, a canza ta kafin ta lalata giya, wadda ta fi ta tsada.

Taya kuma maƙiyinta ƙaya ce. Tsidau, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, sun fi kaifi idan sun bushe. Kowane mahayi ya riƙe tiyub na sauyi, da famfo, da kayan faci, da sifana. Kafin a mayar da tiyub a shafa cikin taya da yatsa a hankali, don ƙayar takan maƙale ta sake hudawa. A cikin rairayi rage iska kaɗan yana ƙara riƙon ƙasa, amma idan ta yi ƙaranci dutse zai matse tiyub ya fasa shi.

A gwada birki kafin kowace fita. Idan robar ta cinye a sauya, kuma kada mai ya taɓa ta ko faifan birki. A guji wanke keke da injin feshin masu wankin mota, domin ƙarfin ruwan yana kore giris daga cikin boris. Bokiti da soso sun wadatar. A ajiye keke a inuwa, a lulluɓe shi, saboda rana tana tsattsaga taya da sirdi.

Sau biyu a kakar, da shigowar hunturu da kuma fitarsa, a kai keken wurin mai gyara ya kwance boris ya sake giris, ya daidaita ƙafafun, ya duba wayoyin birki da na giya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya ƙaru, kuma ga mutane da dama keken da suka hau dutse da shi ranar Asabar shi ne zai kai su wurin aiki ko makaranta ranar Litinin. Kuɗin giris da faci bai kai na sabuwar giya ba, balle na asibiti.