Dami Dubu: Yadda Gona Ta Riƙa Rainon Shugabanni a Ƙasar Aujara

A tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi a 1908, sunan Aujara ya fito ne ta ƙofar yaƙi. A zamanin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, Kanawa sun kai wa Dutse hari, a wannan yaƙi ne aka kashe Sarkin Aujara Bugau. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa garin, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Jahun a masarautar Dutse, tsohon gari ne da ke da sarauta tun kafin jihadi. Amma marubutan fada masu doki da mashi suka fi kula da su. Dawakin nan da hatsi aka ciyar da su, mayaƙan ma haka, kuma waɗanda suka noma hatsin suna da nasu tsarin shugabanci, da nasu matakan da yaro ke hawa har ya zama mutum. A ganina, noman gargajiya na ƙasar Kano, wadda Aujara take cikinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, makaranta ce ta rainon shugabanni, kuma ma'aunin da take auna girman mutum da shi shi ne yawan bakin da ke ci daga guminsa.

Matakin farko shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, wani lokaci wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, suna noma babbar gonar gida tare, su zuba a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Mutane da yawa suna tuna gandu a matsayin wurin biyayya kawai, suna manta cewa yarjejeniya ce mai fuska biyu. M. G. Smith a ƙasar Zazzau, da Polly Hill a Batagarawa kusa da Katsina, inda ta yi bincike a 1967, duk sun tarar da nauyi mai yawa a wuyan mai gandu: shi ke kawo iri da kayan aiki, shi ke ciyarwa, shi ke biyan harajin 'ya'yansa, shi ke yi musu auren fari. Yaron da ya tashi a nan yana ganin abu guda kullum, cewa wanda yake cewa a je gona kaza shi ne kuma wanda idan rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna, kowa zai zuba wa ido. Tun bai iya riƙe fartanya da kyau ba ya fahimci cewa iko da ɗawainiya tare suke tafiya. Aikin kansa ma hawa-hawa ake ba shi. Ƙaramin yaro yana bin mai sungumi yana jefa iri yana binnewa da diddige, sannan ya kai ga firi da maimai, sai ƙarfinsa ya kawo a ba shi garma ya yi huɗa. Ranar da aka bar shi ya ɗaure dami da kansa, damin bai kwance a hanya ba, ya san matsayinsa ya canza ko da ba wanda ya faɗa masa.

Hikimar tsarin ta fi fitowa a gayauna. Aikin gandu yakan tashi da azahar, abin da ya rage na yini na saurayi ne, ya tafi 'yar gonar da uba ya yanka masa. A can ba mai ba shi umarni. Shi zai zaɓi ya shuka gyaɗa ko wake ko riɗi, shi zai yanke shawarar ya sayar da kaka ko ya ajiye har farashi ya ɗaga da bazara, kuma idan ya yi lalaci ciyawa ta cinye shukar, kowa ya bi ta hanyar zai gani. Asarar da zai yi ba za ta jefa gidan cikin yunwa ba, domin gandu na nan, amma za ta yi masa ciwon da zai koya masa hankali. Wannan fili na yin kuskure ba tare da halaka ba shi ne abin da yawancin tarbiyyarmu ta yau ta rasa. Wani yaron ana riƙe shi ba a bar shi ya yanke shawarar komai ba har ya yi gemu, wani kuma a sake shi tun bai san dama da hagu ba.

Daga nan sai gayya, inda saurayi ke fara jagorantar waɗanda ba ya da iko a kansu. Mai gona ya aika da goro, ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru kowa da kunyarsa. Akwai gayyar da ake yi wa surukai, akwai wadda ake yi wa mara lafiya ko tsohon da ba shi da mataimaki. Sarkin samari, ko duk wanda ke gaban gayyar, ba shi da dogari, ba ya biyan kowa lada. Idan ya kira aka ƙi fitowa, babu inda zai kai ƙara. Abin da ke fito da mutane shi ne sanin cewa ya je tasu gayyar, kuma idan an jeru ba a barin sa a baya. An ga abin da ke faruwa idan aka cire wannan sharaɗi. Da masu sarauta suka mai da gayya noman tilas a gonakinsu, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta yi ta yaƙa bayan kafa ta a 1950. A Nijar kuma, gwamnatin Seyni Kountché da ta hau a 1974 ta ɗauki samariya, wato ƙungiyar samari, ta mai da ita hannun hukuma, aka yi ayyuka da ita, amma umarni ya koma sauka daga sama.

Ƙololuwar matakan ita ce sarautar Sarkin Noma, kuma sharaɗinta sananne ne a faɗin ƙasar Hausa: dami dubu. Inda aka fi rubuta bikin dalla-dalla shi ne ƙasar Maradi, a ayyukan Guy Nicolas. Manomin da ya tara dami dubu ba ya zama Sarkin Noma don ya tara. Sai ya yi bikin dubu, ya gayyato jama'a da sauran sarakunan noma, ya ciyar, ya raba hatsin ga makaɗa da maroƙa da dangi da mabukata, har abin da ya shekara yana tarawa ya fita daga hannunsa. Bayan nan ne sunan ke tabbata. A lura da tsarin abin: yawan hatsi yana nuna ƙwarewa, wato sanin ƙasa da taki da lokaci da iya tafiyar da ma'aikata, amma rabon ne ke mai da ƙwarewar sarauta. Kuma nauyin ba ya ƙarewa ranar biki. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan tarihin yunwa a Arewacin Najeriya, ya sanya Sarkin Noma cikin hanyoyin da al'umma ke kare kanta da su a shekarar fari, tare da rancen iri da taimakon dangi da rumbunan masu sarauta. A ƙasa mai jigawa irin ta Jahun da Kiyawa da Dutse, inda jinkirin ruwa na 'yan makonni kan iya lalata damina, wannan magana ce ta rai da mutuwa. Wanda ya san cewa rumbunsa ne garin zai dosa idan abu ya ɓaci yana da dalilin fita gona da asuba wanda ya fi ƙarfin kwaɗayin riba.

Mai suka zai ce wannan hoto an yi masa kwalliya, kuma yana da hujja mai nauyi. Kalmar gandu ba gonar uba da 'ya'ya kaɗai take nufi ba. A ƙarni na 19 manyan gandayen sarakuna da attajirai, irin na Fanisau a arewacin birnin Kano, bayi ne ke noma su, kuma bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo ya nuna bayi ma suna aikin gandu zuwa azahar sannan su tafi gayaunarsu. Babu yadda za a yi mutum ɗaya da fartanya ya noma dami dubu, saboda haka dole a tambayi gumin wa ke cikin damunan. Ban ga amfanin kauce wa wannan ba. Wani dubun an gina shi a kan zalunci, kuma rabon da aka yi ranar biki bai wanke shi ba. Hill ma ta nuna cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu hali, ɗan talaka kuwa yakan bar gandun ubansa ya shiga ƙodago ko ya tafi ci-rani, domin uban ba ya iya sauke nasa ɓangaren. Sai dai wannan binciken da kansa yana ƙarfafa maganata ta wani gefen. 'Ya'ya suna zama ne inda uba ke cika alkawari, suna watsewa inda ya kasa. Ga ɗa mai 'yanci, biyayya tana da farashi, kuma shugaba ne ke biya. Abin da nake karewa shi ne wannan ƙa'ida, ba rabon filaye da dukiya na wancan zamani ba, wanda bai yi wa kowa adalci daidai ba.

Suka ta biyu daga malamai take fitowa. Bikin dubu, musamman a tsakanin Maguzawa da Arnan Maradi, yana haɗe da yanka da neman yardar iskoki, kuma akwai almubazzaranci a cikin ba maroƙa abin da ya kamata ya kai ga marayu. Gaskiya ne, kuma ba abin baƙin ciki ba ne da wannan ɓangare ya gushe. Amma Musulunci bai rushe ma'aunin ba, ya daidaita shi ne ya ɗora shi a kan kowa. Zakkar amfanin gona, kashi 1 cikin 10 ga noman damina da kashi 1 cikin 20 ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa, tana cewa da duk wanda ya kai nisabi akwai haƙƙin wani a rumbunsa, kuma ta faɗi ko su wane ne masu haƙƙin. Mai dami dubu, dami 100 ba nasa ba ne tun kafin a buga ganga. Abin da al'ada ta ƙara a kai shi ne girmamawa a bainar jama'a ga wanda ya wuce wajibi, kuma ban ga inda wannan ya saɓa wa addini ba idan niyya ta gyaru.

Akwai kuma masu cewa tsarin ya mutu ne don zamani ya kawo abin da ya fi shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, layin Nguru da ya ratsa ta Ringim ya kammala a 1930, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Saurayin da gyaɗarsa ke kawo masa kuɗi a hannu ba ya buƙatar jiran uba ya yi masa aure, mai gona kuma ya ga biyan 'yan ƙodago ya fi masa sauƙi da ciyar da gayya. Daga baya farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur suka ja samari zuwa birane, gonaki kuma suka yi ta raguwa da rabon gado. 'Yancin da saurayi ya samu na gaske ne, ba kuma wanda zai mai da shi gandu da ƙarfi. Amma kuɗi ya maye gurbin aikin gayya ne kawai, bai maye gurbin tarbiyyar da ke cikinta ba. Ɗan ƙodago yana koyon noma, ba ya koyon tara mutane. Shi ya sa ake samun matashi mai ƙwazo, yana noman riɗi ko zoɓo ana loda shi a kasuwar Shuwarin ko ta Maigatari, yana samun abin da kakansa bai taɓa riƙewa ba, amma aikin bai ɗaure shi da kowa ba, shi ma yana jin wannan giɓin. Sarautar Sarkin Noma tana nan a garuruwa da masarautu, sai dai sau da yawa tana bin girman mutum a siyasa ko kasuwanci, ba a tambayar abin da ya fita daga rumbunsa.

Masarautar Dutse tana da abin da zai sauƙaƙa gyara wannan. A zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sunusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa rasuwarsa a farkon 2023, masarautar ta yi suna wajen tsara karɓar zakka da rabonta ta hannun kwamiti, ana tara hatsi gunduma-gunduma ana raba wa mabukata. Ma'ana, a ƙasar Jahun da maƙwabtanta dagatai da limamai sun san manomin da ke fitar da haƙƙin Allah kowace kaka, sun san wanda ke ba da rancen iri idan shukar fari ta ƙone, sun san wanda ya yanka wa yaran gidansa da almajiransa gona suka noma wa kansu. Idan aka kawo sunan mai neman Sarkin Noma gaban hakimi, waɗannan mutane ya kamata a fara tambaya kafin a sayo rawani, kuma a yi tambayar a gaban samarin garin, domin su ji abin da ake dubawa.