Amana a Matsayin Jari: Abin da Ɗalibin Kasuwanci Yake Koya a Yamai

Darasin kafa sana'a ya samu gindin zama a manyan makarantun Yamai ne saboda larura. Tun shekarun 1980, lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu, hanyar da take ɗaukar ɗalibi daga aji zuwa ofishin gwamnati ta soma ƙuntata. A yau ana koyar da tattalin arziki da tafiyar da kamfani a Jami'ar Abdou Moumouni da makarantu masu zaman kansu, sannan tun 2014 cibiyar CIPMEN take renon ƙananan kamfanonin matasa. Yawancin ɗalibai suna shiga ajin da tambaya ɗaya: ina za a samo jari? Wanda ya bi darasin da idon basira yakan gano cewa kuɗi ba su ne ɗaukacin jari ba, kuma ba su ne suka fi wuyar samu ba.

Abin da ya fara koya shi ne lissafi, kuma lissafi yana da ɗaci. Ciniki daban, riba daban. Mai sarin albasa daga Galmi zuwa kasuwar Katako yana iya kwana da aljihu cike, amma sai ya cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali da abin da ya ruɓe a buhu kafin ya san ko ya ci ko ya faɗi. Tsarin rubuta kowace shiga da kowace fita a gurbi biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a Italiya a 1494, shi ne har yanzu tushen lissafin da ƙungiyar OHADA ta shimfiɗa wa ƙasashenta 17, ciki har da Nijar. Wahalar ba a alƙaluma take ba, tana wajen raba aljihun gida da aljihun shago. Suna, biki, ta'aziyya, kuɗin makarantar ƙani, duk haƙƙoƙi ne da ɗan mutunci ba ya gudu, amma in daga uwar kuɗi ake zarar su, shago zai mutu ba tare da an ga ranar da ya fara ciwo ba. Maganin da aji yake bayarwa shi ne mai shago ya yanka wa kansa albashi, ya yi zumunci daga ciki.

Littattafan koyarwa sukan ajiye batun ɗa'a a babin ƙarshe, tamkar gyara da ake ɗora wa mai saye bayan an gama awo. Tarihin fataucin Hausawa ya nuna akasin haka. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba takarda ba sa hannu, maigida ne kawai yake tsayawa lamuni tsakanin baƙon da ya kawo dabbobi da mai saye. Emmanuel Grégoire ya tarar da irin wannan a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, inda dangantakar ubangida da bara take riƙe da dukiya mai yawa a kan iyakar Nijar da Najeriya. Har gobe a Babbar Kasuwar Yamai ana danƙa wa yaro kaya ya sayar ya kawo kuɗi. A ma'aunin tattalin arziki, amana tana rage tsadar hulɗa: ba lauya, ba jingina, ba jiran banki. Mai algus ko mai tauye tiya yana cin ribar yini ɗaya, ya rasa masu ba shi kaya bashi, kuma wannan asarar ta fi ribar nesa ba kusa ba. Gobara ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, ta cinye Ƙaramar Kasuwa a 2012. Bayan irin wannan masifa, ɗan kasuwar da aka sani da cika alkawari yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a sake ba shi kaya.

Sai dai ɗalibin da ya tsaya a yabon tsohon tsari bai gama karatu ba. Amanar kasuwa tana da shinge: takan zagaya ne tsakanin dangi, 'yan gari ɗaya da almajiran malami ɗaya. Matashin da ya fito jami'a ba shi da ubangida, da mace mai son wuce sana'ar cikin gida, sukan tarar da ƙofar a rufe. Ga kuma dukiyar da duk lissafinta a kan mutum ɗaya yake. Ran da ya rasu, ba a san wanda yake bi ba, ba a san wanda yake bin sa ba, rabon gado ya ƙarasa sauran. Saboda haka rubutu ba kishiyar amana ba ne, hanya ce ta miƙa ta ga wanda ba a san asalinsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rajistar kamfani da lambar haraji suna sa banki ko baƙon abokin hulɗa su san da wa suke magana. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Nijar a 1991 da tallafin CARE, sun haɗa abu biyun: adashe ne na sanayya, amma ana ƙirga kuɗin a gaban kowa, da ƙa'idar rance da ranar biya. 

Darasin kasada ma yana da kamannin wurin. Nijar ba ta da teku, kayanta ta tashoshin maƙwabta suke shigowa. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumi ya toshe hanyar Kotono, kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso. Tsarin kasuwanci na shekara biyar ba ya jure irin wannan girgiza. Shi ya sa ra'ayin Saras Sarasvathy na 2001, cewa mai fara sana'a ya auna abin da zai iya jure asararsa kafin ya auna ribar da yake hange, ya fi dacewa da Yamai.

A irin waɗannan lokuta ne ake gwada ɗa'a da gaske, domin farashi yana tashi ta hanya biyu masu kama da juna a idon mai saye. Akwai ƙarin da doguwar hanya da kuɗin mota da jinkirin duwan suka tilasta, wanda ɗan kasuwa zai iya nunawa a littafinsa buhu-buhu. Akwai kuma ƙarin wanda ya kulle shinkafa a sito yana jiran yunwa ta ƙara mata daraja, abin da malaman fiƙihu suka hana da sunan ɓoye abinci. Ɗalibin da ya iya lissafin abin da kaya suka ci daga tashar jirgin ruwa zuwa rumfa shi ne yake iya bambance su, a kasuwancin wani ko a nasa.