Daga NITEL Zuwa 5G: Tarihin Tazarar Da Ke Tsakanin Talla Da Sabis



Yau za mu waiwayi tarihin abin da ke kai rubutunmu hannun masu karatu, wato sabis ɗin waya. Dukanmu mun san allunan tallan da ke bakin titi masu alƙawarin intanet mai gudun walƙiya a ko'ina, mun kuma san yadda shafi ɗaya na labari kan tsaya yana ta juyi ya ƙi tafiya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta haura shekara ashirin tana tare da mu. Idan muka bi tarihinta daki-daki za mu ga abu ɗaya yana maimaituwa: duk sabon sabis da ya shigo, akan fara tallarsa tun wanda ya gabace shi bai gama isa ga jama'a ba.

Kafin 2001, tarho a Najeriya kayan ofisoshin gwamnati ne da gidajen masu hali. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, kusan shi kaɗai ke riƙe da harkar, kuma layukan da ke aiki kimanin 400,000 ne a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mai son magana da ɗan'uwansa a Makka ko Legas sai ya je ofishin NITEL ya jira a zo kansa. Sauran jama'a kuwa wasiƙa suke rubutawa, ko su ɗauki murya a kaset su ba matafiyi, ko su aika gaisuwa ta rediyo.

A Janairun 2001, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kuɗin layi ɗaya ya kai Naira 20,000, kira kuma Naira 50 ne a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Da Glo ta shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, sai sauran suka bi sahu, farashin layi ya rushe, waya ta shiga hannun ɗan acaba da mai shayi. Wannan ci gaba ne na gaske, ba mai musun haka. Sai dai tun a nan aka shuka matsalar, domin sayar da layi ya fi kafa turakun sadarwa sauƙi da sauri. Masu kira suka fi ƙarfin turakun, aka shiga zamanin yawo da waya biyu ko uku a aljihu, idan wannan layi ya ƙi a gwada wancan.

A 2007 aka ba da lasisin 3G a kan dala miliyan 150 ga kamfanoni huɗu, talla ta fara komawa kan intanet. Shekara uku bayan haka, a 2010, manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki, WACS ta biyo baya a 2012. Waɗannan suna cikin bututun da ke haɗa ƙasar da intanet ɗin duniya, kuma dukansu a gaɓar Legas suka sauka. Daga Legas zuwa Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, kuma kowace mita sai an haƙa ƙasa an binne wayar faiba. Gwamnatocin jihohi suna karɓar kuɗin izinin haƙa, wasu har dubban Naira a kan mita ɗaya. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a tsaya a kan Naira 145, amma sai a 2020 wasu jihohi suka fara aiki da shi, inda Ekiti ta sauko daga Naira 4,500, Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Tsawon shekarun nan intanet yana jibge a bakin teku, hanyar kawo shi cikin ƙasa ta yi ƙaranci. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Hukuma da kanta ta shaida cewa sabis bai kai talla ba. A Mayun 2012 NCC ta ci tarar MTN da Etisalat da Airtel da Glo jimillar Naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma'aunin ingancin da aka gindaya musu. A Nuwamban shekarar ta dakatar da garaɓasa da gasannin da kamfanonin ke yi, bisa hujjar cewa kyautar kira na ƙara cunkoso a kan turakun da dama sun cika. A Fabrairun 2014 ta sake cin tarar MTN da Airtel da Glo Naira miliyan 647.5, ta kuma hana su sayar da sababbin layuka tsawon watan Maris. Mu lura da irin hukuncin. Hana garaɓasa da hana sayar da layi na nufin hukuma ta gano cewa ana gayyatar baƙi fiye da tabarmar da aka shimfiɗa.

Mu a Arewa mun samu ƙarin wani nauyi. A Satumban 2012 'yan Boko Haram suka kai hare-hare a kan turakun sadarwa a Maiduguri da Kano da Bauchi da Gombe da wasu garuruwan Yobe. A Mayun 2013, bayan sanya dokar ta-ɓaci, aka katse sabis a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 aka rufe sabis a ɗaukacin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, sannan ƙananan hukumomi 13 na Katsina da 14 na Sakkwato da wasu sassan Kaduna suka biyo baya, kuma an ɗauki watanni kafin a maido da shi ko'ina. Mutane suka riƙa yin tafiya zuwa wata jiha don kawai su kira 'yan'uwa ko su cire kuɗi. Ko a wuraren da ba a rufe ba, turken da ya lalace a dajin da injiniya ke tsoron shiga kan daɗe ba a gyara ba.

Duk da haka talla ba ta tsaya ba. A Oktoban 2016 MTN da Glo suka ƙaddamar da 4G. A Maris 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ta fito da tsarin shekara biyar mai buri a rubuce: zuwa 2025 sabis mai sauri ya isa ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, masu amfani da shi su kai kashi 70, gudunsa ya zama aƙalla megabit 25 a daƙiƙa a birane da megabit 10 a karkara, kuma gigabait ɗaya na data kada ya wuce Naira 390. A Disamban 2021 aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, a 2022 kuma MTN ta fara shi a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri. Amma alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna masu intanet mai sauri kimanin kashi 44 ne, layukan da ke kan 5G ba su kai kashi 3 ba, sama da kashi 40 kuma har lokacin suna kan 2G, wato fasahar da aka fara da ita a 2001. Shi kansa kashi 44 ɗin layuka aka ƙirga, don haka mai layi biyu sau biyu ya shiga lissafi.

To me ya sa lambar da ke jikin talla ba ta bayyana a wayarmu? Na farko, tallan kan ce gudun yana kaiwa har kaza, kuma wannan "har" ita ce ƙololuwar abin da za a samu idan mutum yana kusa da turke, da waya mai ƙarfi, ba kowa a kan layi. Turke kuwa kamar famfon unguwa yake, ruwansa ake rabawa. Shi ya sa data ke gudu da asuba, ta koma rarrafe bayan sallar isha'i. Na biyu, taswirar wuraren da ake cewa sabis ya kai galibi kwamfuta ce ke ƙiyasta ta, kuma abin da ake samu a fili ya bambanta da na ƙuryar ɗaki. Zangon da 5G ke hawa a Najeriya yana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa, bango kuma na rage masa ƙarfi. Na uku, ganin alamar 4G a saman waya na nuna cewa wayar ta haɗu da turke ne kawai. Idan turken ba shi da faiba a bayansa, ko masu aikin titi sun tsinke ta, ko janaretansa ba mai, alamar na nan amma saƙo ba zai tafi ba. Na huɗu, ana talla da megabit, fayilolinmu kuma da megabait ake auna su, kuma megabit takwas ne ke ba da megabait ɗaya.

Adalci ne mu faɗi cewa su ma kamfanonin suna da nasu kukan. Yawancin turakun da dizal suke aiki saboda rashin wuta, ana sace musu batura da wayoyi, kayan aikin da dala ake sayo su, faɗuwar Naira daga 2023 kuma ta ninka kuɗin. Da wannan hujja NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, tare da sharaɗin inganta sabis. Kuɗin mun fara biya nan take. Sharaɗin kuwa alƙawari ne, kuma alƙawari kaya ne.

Me ya haɗa marubuci da duk wannan? A shekarun 1980 da 1990, lokacin da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano ke tashe, littafi kan bar Kano a mota ya isa kasuwar ƙauye, a saya ko a yi haya, ya zagaya gida goma ba ruwansa da sabis. Yau mafi yawan sababbin labaranmu a WhatsApp da Facebook da Wattpad suke fitowa, gasannin rubutu ma ta intanet ake shiga. Ke nan taswirar sabis ta zama taswirar adabinmu. Yarinyar da ke da baiwar rubutu a ƙauyen da 2G kaɗai ke kamawa ba ta cikin wannan zaure, kuma ba za mu taɓa sanin me muka rasa ba. Idan muka wayi gari labaranmu duka a kan rayuwar birni suke, ɗaya daga cikin dalilan shi ne 'yan birni ne ke iya turo rubutu.

Akwai abin da ke hannunmu. Mu riƙa tuna mai ƙaramar waya idan za mu saki labari: zallar rubutu ya fi fayil mai nauyi da hotuna saurin isa gare shi. Masu shirya gasa su ba da wa'adi mai faɗi da hanya fiye da ɗaya ta turo aiki. Wanda ya biya kuɗi bai samu abin da aka tallata masa ba, ya kai kuka ga kamfaninsa, idan ba a saurare shi ba NCC na da layin ƙorafi kyauta, 622. Sannan mu rubuta wannan tarihi tun masu shaidarsa na raye. Wanda ya yi sana'ar buga waya a ƙarƙashin lema a 2003, da matar da ta yi wata biyu ba ta ji muryar ɗanta ba a 2021, da mutanen garin da ke da tudu ɗaya tak inda sabis ke kamawa, duk suna ɗauke da labarin da ba ya cikin alƙaluman hukuma, kuma da Hausa za su ba da shi.

Kowa ya faɗa mana: a wace shekara sabis ya fara kamawa a garinku, kuma yau wace alama ke saman wayarku idan kun je gida?