Bazara da Tsafin Neman Damina a Ƙasar Hausa

A ranar 20 ko 21 ga Maris dare da rana kan daidaita. Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe suna girmama wannan lokaci, domin shi ne alamar hunturu ya kau, tsirrai za su farfaɗo. Babilawa suna da bikin Akitu, Farisawa kuma suna da Nauruz, wanda har yau da shi shekara ke farawa a Iran.

A Bauchi, da ke wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, tsawon yini bai cika sauyawa ba, don haka ranar ba ta da wani suna a bakin manomi. Maris lokacin bazara ne: zafi ya tsananta, rijiyoyi sun ja baya, hatsin rumbu ya fara yin ƙasa. Idon kowa yana gabas, ana duban hadari. A kan ruwan fari tsofaffin al'adun ƙasar nan suka ginu.

Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya buga da Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe na Dutsen Dala, mai kula da tsafin Tsumburbura. Jama'a kan kawo masa baƙaƙen dabbobi, bunsuru da kare da kaza, ya shiga wurin tsafin shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi.

Bayani mafi cika ya fito ne daga Maguzawan karkarar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su, ya wallafa littafi a kansu a 1946. A wurinsu tsafin noma aikin gida ne. Kafin a zuba iri, maigida kan yi wa iskokin gidansa yanka, kowane iska da irin dabbarsa da launinta. Jinin na iska ne, naman kuwa iyali su ci. Uwar Gona ita ke riƙe da albarkar amfani, Gajimare kuma, wato bakan gizo, ana tsoronsa don an ce yana shanye ruwan sama. Wanda ya san yadda shuka ke ƙonewa idan ruwa ya ɗauke bayan tsiro zai gane dalilin wannan tsoro. Can a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, Arna na ci gaba da yin arwa da buɗin daji, inda ake duba yadda damina mai zuwa za ta kasance.

Jihadin 1804 ya sauya al'amarin. Malam Yakubu, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, tsafi kuma ya ja da baya zuwa ƙauyukan duwatsu, daga baya Musulunci da Kiristanci suka same shi a can. Yau idan ruwa ya yi jinkiri, mutanen birnin kan fita filin Idi bayan liman su yi sallar roƙon ruwa.