Jarabar barasa: alamominta da hanyoyin rabuwa da ita

Jarabar barasa cuta ce da ke kama ƙwaƙwalwa da jiki, har mutum ya kasa barin sha duk da yana ganin illar da yake yi wa kansa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a watan Yunin 2024 ya nuna cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma kimanin mutum miliyan 209 ne ke fama da jarabarta a duniya.

A Legas, samun barasa ba shi da wuya. A tashoshin mota irin ta Iyana Ipaja, da ke kan babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, ana sayar da ogogoro da paraga, wato jiƙon saiwoyi da ake haɗawa da barasa mai ƙarfi, ana tallarsa da sunan maganin basir ko ciwon baya. Ta wannan ƙofa wasu direbobi da 'yan dako da 'yan ci-rani ke fara sha, suna zaton magani ne. Araha da sauƙin ɓoyewa na daga cikin dalilan da suka sa hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairun 2024 da haramta barasar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, bayan cikar wa'adin shekara biyar da ta ƙulla da kamfanoni a 2018.

A unguwannin Hausawa kamar Agege, kunya kan sa a ɓoye matsalar. Tsoron zunɗe da zubewar mutunci na hana mai sha da iyalinsa neman taimako, sai hanta ta lalace ko aure ya mutu.

Alamomin kamuwa

Kundin rarraba cututtuka na WHO, ICD-11, ya kawo manyan alamomi uku. Wanda aka ga biyu daga cikinsu tare da shi, galibi na tsawon wata 12, ana ɗaukarsa ya kamu.

Ta farko ita ce kasa mallakar kai: mutum ya yi niyyar shan kaɗan ya zarce, ko ya sha alwashin bari ya kasa. Ta biyu ita ce fifita sha a kan sana'a da iyali da ibada da lafiya. Ta uku ita ce sabon jiki, inda abin da ke sa maye a da ya daina isa, kuma idan an yi jinkirin sha sai hannu ya kama rawa, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa tashi, barci ya gagara.

Akwai kuma tambayoyi huɗu da likitan Amurka John Ewing ya tsara, waɗanda mutum zai iya yi wa kansa. Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Kana jin haushi idan an yi maka magana a kai? Ka taɓa yin nadama bayan ka sha? Kana buƙatar sha da sassafe kafin jikinka ya daidaita? Amsa “e” sau biyu ta isa dalilin ganin likita.

Haɗarin dainawa farat ɗaya

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba. Alamomin janyewa kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya na iya biyo baya, kuma tsakanin kwana biyu zuwa uku wasu kan shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, yanayin da kan kai ga ajali. Sau da yawa dangi kan ɗauka iska ce, su ɗaure marar lafiya a ɗaki. Abin da yake buƙata shi ne asibiti, inda ake ba da magungunan kwantar da jijiyoyi da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Mazauna Alimosho da Agege na iya farawa daga Babban Asibitin Orile Agege ko na Igando. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, da na Aro a Abeokuta, suna da sassan kula da masu fama da shaye-shaye.

Ɗorewa kan dainawa

Fitar da barasa daga jiki kan ɗauki kusan mako guda, amma tsayuwa kan bari aiki ne na shekaru. Likitoci kan rubuta magunguna irin su naltrexone da acamprosate don rage ƙwaɗayin sha, tare da zaman ba da shawara.

Masana sun fi jaddada abubuwa huɗu. Mutum ya san abin da ke tunzura shi, ko ranar da kuɗi suka shigo ne, ko ɓacin rai, ko kaɗaici. Ya sauya majalisa da hanyar komawa gida, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya cike lokacin da ya saba sha da aiki ko karatu ko motsa jiki. Sannan ya sami amini ɗaya, malami ko ɗan'uwa, wanda zai kira idan sha'awar ta taso, domin takan lafa bayan ɗan lokaci idan ba a biye mata ba. Tsarin taimakon juna na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ya ginu ne a kan ƙudurin ƙin sha na yini ɗaya, gobe kuma a sabunta.

Komawa ga sha bayan an bari abu ne da ke yawan faruwa a irin wannan cuta, kuma ba ya nufin magani ya gaza. Abin da ake so shi ne a koma wurin likita da wuri.

Iyali kuma su guji gori da tonon asiri, su daina biyan bashin mashaya ko ƙirƙiro uzuri don rufa wa mai sha baya. A yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, a faɗi abin da aka gani da ido, sannan a raka shi asibiti.